Nonon Mai Wabi

Iyayena mata, yayyena da ƙannena cikin Ubangiji, salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Na gode wa shugabannin zumunta da suka ba ni wuri in tsaya a gabanku yau.

Sunana Saratu, matar Istifanus. Muna zaune a wata 'yar unguwa ta masu bi kusa da Kurmin Kogi, a ƙasar Ikara. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da yawan magana a taro. Yau zan yi, kuma zan faɗi abin yadda ya faru, ba ƙari ba ragi. In kun ga na yi shiru a tsakiya, ku yi mini haƙuri, ba mantuwa na yi ba.

Ni mai wabi ce. Manyanmu sun san kalmar. Ga 'yan matan da ke zaune can baya, mai wabi ita ce matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna goye.

Na haifi uku. Kowannensu ya zo lafiya, da nauyinsa, da kukansa mai ƙarfi. Kowannensu ya kama nono. Babu wanda ya kai ga rarrafe.

Uwar mijina ba ta karɓi bangaskiya ba, tana nan a kan al'adar iyayenmu Maguzawa. Da na haifi na ukun, ta ce a sa masa suna Ajuji, a kai shi kan juji a ɗan ajiye, ko mutuwa ta raina shi ta wuce. Mijina ya ce mu mun bar wannan hanya. Muka sa masa Dauda. Ya yi wata biyu da ɗoriya, sai gudawa, sai zazzaɓi, sai ya daina kuka.

Ranar da aka binne shi, tsohuwar ta zo ta zauna kusa da ni a kan tabarma. Ba da faɗa ta zo ba. Ta ce, "Saratu, na duba na sake dubawa. Ba sunan ba ne kaɗai. Yaran nan lafiya suke zuwa. Abin da suke sha ne."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta faɗa, kamar mai cewa hadari ya haɗu a gabas. Kuma na yarda da ita. Wace hujja gare ni? Kaburbura uku ne a bayan gidanmu, kuma abu ɗaya ne dukansu suka sha a duniya.

Daga ranar na daina addu'a. Ina zuwa sujada saboda mijina, ina buɗe baki lokacin waƙa, amma ba sauti. Ƙirjina ya cika ya kumbura, tun da babu mai sha. Na ɗaure shi tamau da tsohon zane. Ji nake kamar an rataya mini tulu biyu na dafi, an ce in yi ta yawo da su.

Ana cikin haka sanƙarau ya shigo ƙasar.

Bazara ce, irin wadda ko inuwar tsamiya ba ta da sanyi. Cutar tana farawa da ciwon kai, sai wuya ya sanƙare, kai ya koma baya, sai mutum ya fita hayyacinsa. Wanda kuka gaisa da shi da safe, kafin rana ta faɗi ana masa wanka. En'e, wato hukumar gargajiya, ta hana cin kasuwa, har kasuwar Makarfi ta yi tsit. Aka zuba dogarai a kan hanyoyi, ba shiga ba fita. Aka ce kowa ya bar ɗaki ya riƙa kwana a fili.

Unguwarmu abin ya zo da sauƙi. Amma akwai wani ƙauye na Musulmi a wajen Taba, cikin ƙasar Kudan, inda mazanmu ke zuwa aikin rake da dafa mazarƙwaila duk rani. Ba zan faɗi sunansa ba. Labari ya zo cewa a can masu haƙa kabari sun ƙare, masu ɗebo ruwa ma sun kwanta.

Dattijon ikkilisiyarmu, Baba Ranau, ya daɗe da sanin dagacin garin. Ya aika masa, shi kuma ya nemo mana izinin wucewa. Ranar Lahadi bayan sujada Baba Ranau ya tsayar da mu ya ce, "Dagaci ya yarda mu zo, amma da sharaɗi, kuma na karɓa a madadinku. Ba wa'azi. Ba waƙa. Ba addu'a da murya a gidan kowa. Wanda ya san bakinsa na ƙaiƙayi, ya zauna gida ya yi mana addu'a daga nan."

Wani ɗan'uwa mai zafin bishara ya miƙe ya ce, "Baba, in ba za mu ambaci sunan Yesu ba, me za mu je yi?"

Baba ya ce, "Ɗebo ruwa. Ka iya?"

Aka ɗan yi dariya. Baba bai yi ba. Ya ce, "Mutumin da wuyansa ya sanƙare ba zai iya juya maka baya ba in ka fara masa wa'azi. Wannan fin ƙarfi ne, kuma Ubangijinmu ba ya shiga gida ta haka."

Da aka ce masu zuwa su ɗaga hannu, na ɗaga. Mijina ya dube ni, na ga murna a idonsa. Ya ɗauka na fara farfaɗowa ne.

'Yan'uwa, ba ƙauna ce ta ɗaga hannuna ba. Cutar na je nema. Ba zan iya kashe kaina ba, don ina tsoron Allah ko da na daina yi masa magana. Amma na ce a raina, in ciwo ya ɗauke ni a bakin aikin taimako, ba wanda zai ce na yi laifi, mijina kuma ya samu ya auri mai nono mai kyau. Da wannan zuciyar na ɗaura kayana na bi su.

Abin da muka tarar a garin, bakina ba zai iya kawo shi duka ba. An kafa rumfunan zana a bayan gidaje, marasa lafiya kwance a jere, ƙudaje sun rufe su. Awaki na yawo cikin ɗakuna. Turame a kife. Gari guda, tsakar rana, ba ka jin ƙarar taɓarya ko ɗaya.

Mazanmu suka kama haƙa. Limamin garin ya nuna musu yadda ake yin kabarin Musulmi da inda yake fuskanta, su haƙa, su koma gefe, masu sallar gawa su yi nasu. Mu mata muka kama rijiya da turmi da murhu. A tukwanen garin muke dama kunu, don mutane ba sa shan abin da ya fito daga namu, suna tsoron an taɓa dafa giya a ciki. Ba mu yi musu ba. Wata rana Baturen lafiya ya biyo a kan doki da ƙwayoyin magani, ya gan mu, ya tambayi dagaci su wane ne waɗannan. Dagaci ya ce, "Maƙwabta ne." Baba Ranau ya gyara garma a kafaɗa, ya koma bakin haƙa.

Ni kuwa na zaɓi aikin da kowa ke gudu. Ni ke juya masu ciwo, ni ke wanke tsummokaransu, ni ke sa fuskata kusa da numfashinsu. Ko ciwon kai ban yi ba. Na ji haushin wannan ƙwarai.

Wata rana da azahar aka ba ni ƙwaryar kunu in kai wani gida a ƙarshen gari. Na yi sallama. Wata tsohuwa ta amsa daga ƙarƙashin rumfa, siririya, mai kaifin ido. Iya Dije ake ce mata. Ɗanta Malam Sule yana kwance a gefe bai san inda kansa yake ba. Matarsa kuwa an riga an kai ta makwancinta.

Ta ce, "Ke Bamagujiya, ajiye nan bakin ƙofa."

Na sunkuya zan ajiye, sai na ji kuka. Ba kukan jariri sosai ba, wani siririn sauti ne kamar na ɗan mage. Jaririn Malam Sule ne, a kan cinyar tsohuwar yake, tana tsoma yatsa cikin ruwan kunu tana ɗiga masa a baki, yana zubowa ta gefe. Maɗigarsa ta faɗa ciki. Fatar cikinsa ta yi laushi kamar tsohuwar jaka.

Zuciyata ba ta motsa ba, na riga na kashe ta. Jikina ne ya amsa. Nono ya ɓalle ta cikin ɗaurin, ya jiƙa zane, ya fara gangarowa. Na juya da sauri zan fita.

"Ke! Dawo nan."

Na dawo.

"Ina ɗanki?"

Na ce, "Yana ƙasa, Iya."

"Allah ya ba ki haƙuri. Na fari ne?"

Da na so, da na ce e. Na ce, "Na uku ne. Ni mai wabi ce, Iya. Uwar mijina ta ce nonona ne ke kashe su, kuma gaskiyarta ne."

Ta san abin da na sani. Fulani sun yi kudu da shanunsu neman ruwa. Awakin garin sun ƙafe. Matan da ke shayarwa, wasu sun mutu, wasu na kwance. Ƙanwar marigayiyar tana Makarfi da goyo, amma dogarai sun tare hanya.

Ta miƙo mini ɗan ƙoƙo ta ce, "Tatsa."

Kun san gwajin, ku iyayena. A tatsa nono, a saka tururuwa a ciki. In ta yi iyo ta fito, nono lafiya. In ta mutu, a raba yaro da shi. Ba a taɓa yi mini ba, don mijina ya hana a gidanmu. Na kwance ɗaurin na tatsa. Iya Dije ta je gindin rumbu ta ɗauko tururuwa a kan tsinke, ta sake ta a tsakiyar ƙoƙon. Muka sunkuya mu biyu muna kallo.

Ta yi ta wutsil-wutsil. Ta kewaya. Ta kai bakin ƙoƙon, ta ɗora ƙafa, ta zame ta koma. Ta sake kaiwa, ta sake zamewa. Daga nan ta dunƙule.

Ta mutu, 'yan'uwa! A kan idona ta mutu!

Ban yi kuka ba. Wani sanyi ne ya sauko mini, irin na wanda aka daɗe ana masa shari'a, yau aka yanke. Na ɗauki zanen na fara mayar da ɗaurin.

Iya Dije ta sa farce ta fizge tururuwar ta yar. Ta ce, "Wannan dama da ciwonta ta zo. Garin da mutane ke zubewa, tururuwa ce za ta zauna lafiya?"

Na ce, "To ki kawo wata."

"Ba ni da lokacin ƙarar da tururuwan Allah. Zauna."

"Iya, zan kashe miki jika."

Ta ɗaga shi da hannu biyu ta kawo shi dab da fuskata. Ta ce, "Dube shi da kyau. Yunwa ta riga ki zuwa, 'yar nan. In nononki dafi ne, sai ya jira ta gama tukuna. Ni dai ba zan zauna mijina ya tafi da baki a bushe ba, ga nono yana zuba a ƙasa." Mijina take ce masa, irin wasan kaka da jika. Sunansa Habu.

Sai ta ɗaga yatsa. "Amma ki ji. Ɗan Musulmi ne, jikan Musulmi. Ba za ki yi masa waƙoƙinku ba. Ba za ki kira masa sunan nan da kuke kira a kunne ba. Ko ina nan ko ba na nan. Kin ɗauka?"

Na ce na ɗauka. A lokacin alkawarin bai yi mini nauyi ba. Wanda na daina yi wa magana, ina wahalar kada in ambace shi?

Ta wanke mini ƙirji da ruwa, ta yi bisimilla, ta ɗora mini shi.

Bai fi nauyin ɗan tsako ba. Bakinsa ya taɓa ni, ya kasa kamawa. Ina ganin fuskar Dauda, ina ganin na biyun, ina ganin na farkon. Na san abin da tururuwa ta ce. Na san ina shirin zuba wa ɗan mutane abin da ya kashe nawa, kuma in na ƙi, yunwa ta ƙarasa shi a gabana. Ba gaba, ba baya.

A nan ne na yi addu'a. Bakina a rufe, saboda alkawari. A ciki na ce, "Ya Yesu, ka san na daina kiranka. Ka san ba don kai na zo garin nan ba. Ban roƙe ka komai don kaina ba. Amma yaron nan ba nawa ba ne. Na mutane ne, amana aka ba ni. Kada ka bari in kashe shi. In akwai dafi a jikina, ka mayar mini da shi ciki, ni in sha."

Iyakar addu'ar ke nan. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Na matsa kaɗan, ɗigo ya faɗa a harshensa. Ya haɗiye. Na sake. Can sai na ji ya kama, ya ja, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Iya Dije ta ce, "Ka ga ɗan banza. Ashe kana so."

Da yamma na gaya wa Baba Ranau da mijina. Mijina ya tsorata, ya ce in yaron ya mutu a hannunmu, me za mu ce wa garin? Baba ya tambaye ni, "Kin yi mata alkawari?" Na ce e. Ya ce, "To ki riƙe shi da kyau. Ubangiji ba kurma ba ne." Iya Dije ita ma ta aika wa liman, ya ce lalura ce, babu laifi. Na kwashe tabarmata na koma gidanta.

Kada ku ɗauka daga nan murna ta fara. Kwanakin da suka biyo baya sun fi na baya tsanani. Dā ina jiran mutuwata ne, abin da nake so. Yanzu ina jiran tasa. Nawa ma ai duk sun sha, sun yi ƙiba, kafin su tafi. Duk ƙibar da Habu ya yi, sai in ce haka Dauda ya yi. Kowace safiya sai na taɓa maɗigarsa, na duba idonsa, na shinshina tsummansa.

Rannan ya yi kashi mai ruwa. Na ajiye shi a kan tabarma, na ja da baya har na bugi zana. Na ce, "Iya, ya fara. Ɗauke shi. Haka suke farawa."

Ta leƙa tsumman ta ce, "Mutum ya ci ya ƙoshi, ba zai yi kashi ba? Ke wace irin Bamagujiya ce mai tsoron kashi? Ɗauki mijina ki ba shi, yana kallonki."

Na ɗauka ina kuka. Wannan ne kukana na farko tun ranar da aka binne Dauda.

Mutuwa kuwa ba ta bar garin ba. A cikinmu ma ta shiga. 'Yar'uwarmu Ladi, wadda ke kan murhu, ta bar yara huɗu a gida, kullum tana zancen ranar komawa. Ciwon kai ya kama ta da hantsi, washegari mazanmu suka haƙa nata a bayan gari, nesa da maƙabartar mutane. Ba mu yi waƙa ba, saboda sharaɗi. Muka tsaya shiru muka rufe ta. Na ce wa Ubangiji a raina, "Ni na zo nema, ka ba Ladi. Wane irin lissafi ne wannan?" Har yau ban samu amsa ba, kuma ba zan tsaya a nan in yi muku kamar na samu ba.

Malam Sule ya tashi, amma cutar ta tafi da jinsa. Ya farfaɗo ya tarar matarsa na ƙasa, ɗansa na ƙirjin baƙuwa, ba ya kuma jin abin da uwarsa ke masa bayani. Ya dube ni, ya kawar da kai. Kwana da kwanaki haka. Daga baya, in zai wuce, sai ya tsaya nesa ya ce, "Sannu," da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Bai taɓa jin kukan ɗansa ba tun daga nan.

Alkawarin da na ɗauka da arha shi ma ya zo ya yi tsada. Uwa ba ta shayarwa shiru. Ni kuwa duk waƙar da ke bakina ta sujada ce. Wata rana na manta ina ɗan gunguni ta hanci, sai Iya Dije ta ce daga bakin murhu, "Wannan ɗin ma na ji yana ƙamshin cocinku."

Na ce, "Iya, ai babu kalma a ciki."

Ta ce, "Kalmar tana ciki, ɓuya ta yi."

Gaskiyarta ne. Na daina.

Sau da yawa takan tafi gaisuwar mutuwa ta bar ni da shi, daga ni sai shi sai ubansa da ba ya ji. Kunnen Habu yana nan dab da bakina. Sunan da ya fi kowane suna daɗi a gare ni yana kan harshena, don a lokacin na koma kiransa dare da rana a zuci. Wa zai sani? Ban faɗa ba. Tsohuwar ta ba ni abin da ya fi komai daraja a gidanta a ranar da ba ta da zaɓi. In na ci amanarta, da wane baki zan ce Yesu na bi? Na bar wa Ubangiji abin da yake nasa, ni na yi ta shayarwa.

Habu ya kai watannin da Dauda ya mutu a cikinsu. Na daina cin abinci don fargaba, Iya Dije ta riƙa tsare ni da tuwo kamar mai ba yaro magani. Ya wuce su. Ya fara riƙe wuya. Ya fara dariya in kakarsa ta tsokane shi. Wata safiya na kwantar da shi, na juya zan ɗauki ruwa, na waiwayo na ga ya kife da kansa, ya ɗaga kai yana kallona. Babu ɗana ko ɗaya da ya kai nan.

Na zauna a ƙasa. A ranar na gane cewa ba dafi nake ɗauke da shi ba. Ban san abin da ya kashe 'ya'yana ba, har yanzu ban sani ba. Amma ba ni ba ce. Yabo ga Ubangiji! Ba ni ba ce!

Da ruwan farko ya sauka, cutar ta ja da baya, kamar yadda ta saba. Aka janye dogarai. Ba a jima ba ƙanwar marigayiyar ta iso daga Makarfi, da goyonta da nononta. Mace mai kirki. Dangi suka zauna suka yanke cewa ita za ta tafi da shi ta haɗa da nata. Daidai ne. Ba wanda ya tambaye ni, kuma babu dalilin da zai sa a tambaye ni.

Na ba shi nono na ƙarshe da safe. Na miƙa shi. Ya tafi hannunta ba gardama, yana wasa da 'yan kunnenta.

Iya Dije ta raka ni har bakin gonakin rake, inda 'yan'uwa ke jirana da kayansu. Ba ta yi mini doguwar godiya ba, ba halinta ba ne. Ta tsaya ta ce, "Saratu." Ranar ce ta fara kiran sunana. "Akwai dokar da ya kamata ki sani. A wurinmu, wanda ya sha nononki ɗanki ne. Duk 'yar da za ki haifa nan gaba, babu aure tsakaninta da Habu. Ƙanwarsa ce."

Na ce, "Iya, ni da 'ya mai rai har ta kai aure?"

Ta ce, "Ni dai na faɗa miki doka." Ta juya ta koma.

Muka kama hanya. Ƙirjina ya sake cika, ya jiƙa zane, ba mai sha. Da muka haye rafin da ya raba mu da ƙasar garin, Baba Ranau ya ce yanzu mai son waƙa ya yi. Ba wanda ya iya. Mun zo da Ladi, za mu koma mu gaya wa 'ya'yanta.

'Yan'uwa, shekaru sun wuce. Na san abin da kuke jira in ce, kuma ba zan ce ba, don ba haka ya faru ba. Ban sake haihuwa ba. Ɗakina shiru yake har yau. Iya Dije ta rasu. Habu ban sake ganinsa ba, ban kuma je nemansa ba, labarinsa kawai nake ji daga mazanmu masu zuwa aikin rake. Bai san ni ba, mai yiwuwa ba za a taɓa gaya masa ba.

To daga me aka cece ni? An cece ni daga ƙaryar da ta ce ni mutuwa ce. Na je garin nan neman kabari, Ubangiji ya ɗora mini rai a cinya, ya rufe mini baki, ya sa na yi masa hidima ban ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. A yau, a wani gida a ƙasar Makarfi, akwai yaro mai tafiya da ƙafafunsa, yana tsayawa salla a bayan manya, kuma da nonon mai wabi aka gina ƙashinsa. Na gode wa Yesu saboda wannan. Na gode masa da dukan abin da ya rage mini.

Ke da ke zaune a nan da kaburbura a bayan ɗaki, ke da aka ce jikinki ne, jininki ne, nononki ne, ban zo in yi miki alkawarin goyo ba. Ban san abin da Ubangiji zai ba ki ba. Abin da na sani shi ne yana jin addu'ar da ba ta fito daga baki ba, har ta wadda ta yi fushi da shi. Ki kira shi ko da a ciki ne. Ki dogara gare shi ko kina cikin tsoro. In kuma ya ɗora miki wani abu mai rai a cinya, kada ki tsaya jiran tururuwa ta ba ki izini.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.